Na Zaɓa wa Yaya Talatu Asibiti

Shekara ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Talatu, har yanzu matan cocinmu na nan Doha suna yaba mini. Suna cewa na yi jinya, ko 'yar'uwa ta jini iyakar abin da za ta yi ke nan. Nakan ce na gode, don ba ni da ƙarfin gardama a ƙofar coci. Wannan rubutun shi ne amsar da ban ba su ba. Duk wadda za ta raka wata gaban likitan ciwon daji, ta karanta shi kafin ta buɗe baki.

Sunana Rahila, 'yar Kagoro ce ni, nas a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Al-Sadd. Yaya Talatu mataimakiyar nas ce a wurin, mutuniyar wani ƙauye kusa da Pankshin. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ita ta tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan, ta nuna mini motar da zan hau, da shagon da ake samun kuɓewa busasshiya, da wanda ba a gaisawa da shi sau biyu a wurin aiki. Ɗaki ɗaya muke kwana a gidan da asibitin ya kama wa ma'aikata. Mijinta ya rasu tuntuni, ba su haihu ba. A gida tana da uwa tsohuwa, wadda ni ma nake kira Mama, da ƙane mai suna Bitrus.

Wata safiya cikin watan Agusta, ina gugar kayan aiki, ta fito daga wanka ta ce, "Rahila, zo ki taɓa mini nan."

Na taɓa nononta na hagu. Abin yana da tauri kamar ɗanyen goro, ba ya motsi, fatar wurin kuma ta ɗan lotsa. Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin Ista."

Wata biyar. Mace mai aiki a asibiti, mai wucewa ta gaban ɗakin hoto sau goma a rana. Na yi mata faɗa kamar ni na haife ta, tana tsaye da tawul tana kallon ƙasa. Da na gaji ta ce ba ya ciwo, shi ya sa ta ɗauka zai baje da kansa. Wannan shi ne gargaɗina na farko: kada ki jira sai ya yi ciwo, nata bai yi ba.

Mako biyu aka yi ana hoto, aka tsaga aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Gaskiya ba mu sha wahalar layi ba. Ka ciri lamba, ka zauna a sanyi, a kira ka. A mako na uku likitar, wata Balarabiya mai saurin magana, ta ce daji ne, kuma ya taɓa hammata. Za a fara da kemo, wato ƙarin ruwan magani duk bayan mako uku, sannan a cire nonon, sannan a ƙona wurin da na'ura. Yaya Talatu tana jin Turanci sarai, amma ran nan tsoro ya kore shi. Ta juyo ta ce mini, "Me ta ce?" Daga ranar na zama kunnenta da bakinta a gaban likita, kuma na ji daɗin wannan matsayi fiye da yadda ya kamata.

A mota muna dawowa ta ce, "Zan tafi gida. A yi mini a Jos."

Na ce mata wasa take yi. Na zauna na karanta mata duk abin da na sani, kuma ba ƙarya na yi ba. A nan katin lafiyarta ya ɗauke kusan komai, a can sai an sayar da gonar ubansu. A nan magani yana nan ranar da aka ce, a can za a rubuta takarda a ce je ki nemo. Na tuna mata da ƙanwar babana da ta yi wata huɗu tana jiran na'urar ƙona ciwo, ana cewa ta lalace, ana jiran mai gyara, har ta mutu tana kan layi. Na tuna mata da yajin aiki. Na ce in ta bar aiki ta tafi, kafil, wato mai aikin da ya tsaya mata, ya soke takardar zamanta, katin ya tafi, ba dawowa.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Na ji maganar na'ura. Wa zai zauna da ni?"

Na ce, "Ba ga ni ba?"

"Ke kina duti awa goma sha biyu."

"Za mu san yadda za a yi."

Can ta ce, "In abin ya ƙi fa? Ba na so in koma gida a cikin akwati, Rahila. Ina so in kwanta a ɗakin Mama."

Na ce ta daina wannan maganar, ba ta dace da mai bi ba. Haka na rufe mata baki da addini.

Da muka kira Bitrus ya goyi bayana ɗari bisa ɗari. Ya ce ta zauna inda take, Allah ne ya kai ta ƙasar da ake da magani. Sannan ya ƙara da abin da kowane ɗan gida zai ƙara: kada a gaya wa Mama. Tana da hawan jini, in ta ji za ta faɗi. Mu haka muka taso, ba a kai wa tsohuwa mugun labari, ana lallaɓa ta har sai abin ya wuce. Ban zargi Bitrus da mugunta ba. Amma na lura bai taɓa tambaya ko Yaya tana iya cin abinci ba, sai dai ko har yanzu tana zuwa aiki.

Kemo na farko ya zo da sauƙi, har na fara cika baki. Na biyu ya kwantar da ita. Amai kwana huɗu, baki duk ya salluɓe, ruwa ma ɗaci yake mata. Sumarta ta fara bin matashin kai, ta ce in kawo reza in gama da ita. Matan coci suka zo dubiya ranar Juma'a bayan sujada, don a nan Juma'a ce ranar hutu, suka cika ɗakin da addu'a da shawara. Wannan ta ce ganyen zogale, waccan ta ce a daina sukari, wata ta turo lambar wani fasto da ke addu'a ta waya. Na gode musu, sun kawo abinci, sun yi waƙa. Amma ƙarfe huɗu kowa ta tashi don tana da shif, kuma sai wata Juma'ar. Sauran kwana shida Yaya tana kwance ita da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

Wanda ya fi kowa ganinta a watannin nan shi ne Malam Isuhu, wani direban tasi Bakatsine da ke zaune a unguwar Fereej Abdel Aziz. Shi ke kai ta asibiti in ina duti. Ba ya barin ta a ƙofa, sai ya raka ta har ta ciri lamba, ya ce, "Sannu Yaya, Allah Ya ba da lafiya. In an gama ki buga mini, ko ina Nu'aija zan juyo." Sau da yawa ya ƙi karɓar kuɗin mota. Allah Ya saka masa.

Na yi ƙoƙarin kawo wata 'yar ƙanwar Mama ta zo ta zauna da ita. Takardunmu ba su cika ba: albashin Yaya bai kai ba, hayar gidan kuma ba da sunanmu take ba. Na je ofishin biza sau uku. A na ukun mutumin ya tura mini takardun ta ƙarƙashin gilashi ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare. Ban gaya mata ranar ba, sai da ta tambaya.

A ɗakin kemo akwai wata 'yar Sudan da ake sa wa ruwa rana ɗaya da Yaya. Kullum da 'yan'uwa mata biyu take zuwa, ɗaya tana matsa mata ƙafa, ɗaya tana ba ta labari suna dariya ƙasa-ƙasa. Ranar da na samu hutu na raka ta, na ga Yaya ba ta kallon talabijin, su take kallo. Na nuna mata injin da ke auna ruwan, na ce ko a Abuja da wuya a sami irinsa. Ta ce, "Yana da kyau." Ta mayar da idonta kan ƙafar matar.

Duk Lahadi da yamma, in sun taso daga coci a ƙauye, Bitrus yakan kira ta bidiyo ya miƙa wa Mama wayar. Wannan kiran ya zama aikina. Nakan ɗaura wa Yaya ɗankwali har goshi, in shafa mata hoda, in jingina ta da bango inda haske bai yi yawa ba. Da girarta ta zube bayan kemo na huɗu, na sayo fensirin kwalliya na riƙa zana mata. Ba ta so, ta ce ita ko ranar aurenta ba ta zana gira ba. Na ce, "Yalla, haba Yaya, ki tsaya, kiran ya kusa shigowa."

Mama takan kawo fuskarta dab da wayar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Talatu, yaushe za ki zo?"

Kowace Lahadi tambayar ke nan. In na ga bakin Yaya ya fara rawa sai in leƙo in ce, "Mama ina wuni? Aiki ne ya yi yawa. Sai Kirsimeti in Allah Ya yarda."

Mama ta ce, "To, 'yata. Allah Ya kai mu."

Kirsimeti ya zo, lokacin an cire nonon da mako biyu, ga robar da ke zuƙe ruwa tana rataye a gefenta. Na ce wa Mama an hana hutu, sai Ista. Aikin kam an yi shi da kyau, ɗinkin ya warke ba ruɓa ba wari, nas-nas ɗin suna da kirki. Shugaban asibitinmu ma bai kore ta ba, ya mayar da ita teburin karɓar kati don ta riƙa zama. Duk wannan na gode. Amma abin da Yaya take so ta ci shi ne gwaten acha da yakuwa, irin na Mama. Na nemi acha a duk shagunan 'yan Afirka ban samu ba, na yi mata da tsakin masara. Ta ci cokali biyu ta ce ya yi daɗi, ta ture kwanon.

Aka yi ƙonawar mako biyar, kullum da safe, ba a taɓa cewa na'ura ta lalace ba. Na riƙa faɗa mata haka kamar ni na ƙera ta. Cikin watan Maris aka ce an gama, sai zuwa dubawa. Suma ta fara tsirowa, gira ba ta dawo sosai ba. Ta ce za ta nemi hutu ta je gida. Ni da Bitrus muka ce ta bari ta ƙara murmurewa, kada Mama ta gan ta a rame ta gane. Ta haƙura.

Cikin watan Yuni bayanta ya fara ciwo. Ta ce kujerar aiki ce. Mako biyu bayan haka ta kasa sunkuyawa ta sa takalmi. Aka yi hoto. Dajin ya shiga ƙashin baya, ya taɓa huhu.

Ga wurin da ba na faɗa a ƙofar coci. Bayan likitar ta yi wa Yaya bayanin sabon magani, ta biyo ni waje, don ta san ni nas ce. Ta ce za su gwada, amma ba warkewa ake nema ba yanzu, ƙarin kwana ne. Ta ce in matar nan tana da mutane a ƙasarta kuma tana son ganinsu, yanzu ne lokacin, tun tana iya hawa jirgi. Ta ce in so samu ne ita za ta faɗa mata da kanta. Na ce ta bari, mu a al'adarmu ba a yi wa mara lafiya irin wannan maganar kai tsaye, ni zan san yadda zan gaya mata.

Na koma ciki, Yaya ta ce, "Me ta ce miki a waje?"

Na ce, "Ta ce sabon maganin yana da ƙarfi, ki daure."

Na gaya wa kaina cewa in ta tafi Jos yanzu, ko maganin kashe zafi mai kyau ba lallai ta samu ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinsa. In na ce mata ta tafi, na yarda ke nan cewa tambayar da ta yi mini a mota tun farko tana kan hanya, ni mai ilimin ce ban ji ba. Ban iya haɗiye wannan ba.

Mako shida maganin ya yi yana dukanta ba tare da ya taɓa ciwon ba. A na bakwai numfashi ya fara gagararta, aka kwantar da ita, aka sa mata robar iska a hanci. Nan ta daina tambayata. Da likitar ta shigo zagaye, Yaya ta tattaro Turancinta da kanta ta ce tana so ta tafi gida, ko gobe. Likitar ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta duba takardun, ta saurari ƙirjinta, sannan ta faɗi kalmomi huɗu da har yau suke kunnena: "Not fit to fly." Jikinta ba zai ɗauki jirgi ba, ba likitan da zai sa hannu, ba kamfanin da zai ɗauke ta.

Da suka fita na durƙusa a gefen gadon na gaya mata komai, har maganar da aka yi a waje. Na so ta zage ni. Ta daɗe tana jan numfashi kafin ta ce, "Rahila, kin iya jinya. Ba wanda zai ce ba ki iya ba." Ta huta. "Amma na gaya miki abin da nake so tun ranar farko."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, in tashi, gwiwata za ta yi ciwo. Na ce bari in kira Mama yanzu mu gaya mata. Ta girgiza kai, ta ce yanzu kuma me tsohuwa za ta yi da labarin, tana can, ita tana nan. Lahadi biyu suka rage mata, duka biyun Bitrus ya ce wa Mama babu sabis. Ta rasu ranar Talata da hantsi, ina duti. Wata nas 'yar Indiya ce ta riƙe mata hannu, kuma na gode mata.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna bin takardun gawa, Malam Isuhu yana kai ni ofis-ofis. Matan coci suka yi karo-karo. Na hau jirgi ɗaya da ita, ni a kujera kusa da taga, ita a ƙasa tare da kayan mutane.

Bayan an binne ta, jama'a sun ragu, Mama ta aika a kira ni. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Hawan jinin da muka yi shekara muna tsoro bai kayar da ita ba. Na durƙusa na gaishe ta, na fara jero abin da muka shirya da Bitrus, cewa abin ya zo ne farat ɗaya.

Ta ɗaga hannu. "Ke ce mai zana mata gira?"



Ta ce, "Talatu ba ta taɓa zana gira ba. Ranar da na ga an zana, ta dama ta fi ta hagu hawa, na san hannun wata ne. Akwai matar da muka yi jinya a cocinmu shekarun baya, haka tata ta zube. Na sani tun kafin Kirsimeti."

Na ce, "Mama, me ya sa ba ki tambaya ba?"

"Ita ba ta faɗa ba. Na ce tunda ta ɓoye, ba ta so hankalina ya tashi, in na nuna na sani na ƙara mata kaya. Sai na riƙa tambayar yaushe za ta zo, ko za ta gane ta taho." Ta dube ni. "Kullum ke ce ke amsawa."

Ta dafa bango ta miƙe, ta ce in biyo ta. Ɗakin nata an share, an yi wa bango farar ƙasa. A gefen gadonta an ajiye sabuwar katifa a ƙasa, ga buhun acha jingine a lungu. Ta ce ta sayar da akuyarta ta sayi katifar, don ta ji an ce masu wannan ciwon bayansu ba ya son tabarma. Ta ce ta san asibitin Jos ba kamar na can ba ne, ba ta ce da ta warkar da ita ba. Da dai ta matsa mata ƙafa.

Ban zo in ce wa kowa ta bar magani mai kyau ta koma gida ba. Da ta tafi tun farko wataƙila da ba ta kai Kirsimeti ba, wannan na sani, kuma ba ya sanyaya mini rai ko kaɗan. Abin da nake cewa, in mara lafiya ta gaya miki abin da take nema a wurin jinya, kada ki amsa mata da abin da ke kika sani. Ki bar likita ya gaya mata gaskiya a kunnenta, jikinta ne, kwanakinta ne. Ki gaya wa uwarta. Tsofaffin nan da muke lallaɓawa sun binne mutane fiye da yadda muka taɓa yi wa allura.

Kwana uku na yi a ƙauyen. Matar Bitrus ta ce a shimfiɗa mini katifar tunda ni baƙuwa ce, Mama ta ce a'a, a ba ni tabarma. Ranar da zan tafi na shiga yi mata sallama, katifar tana nan inda take, ba a ko cire mata leda ba.